Ulun Yorkshire: daga masaƙun Bradford zuwa rumfar askin tumaki

Bikin yaye ɗalibai ne ya kai ni Bradford, a yankin Yorkshire na arewacin Ingila, a watan Yuli. Ɗan ƙanwata ya gama digirinsa na biyu, uwarsa ba ta samu zuwa ba, aka ce Kawu ya je ya wakilta. Da aka gama ɗaukar hotuna, aka ci shinkafa a wani gidan abinci na 'yan Pakistan, sai ya rage ba ni da aikin yi sai yawo. Garin ba ya cikin waɗanda baƙo ke ɗokin gani a Ingila. A cikin kwari yake, tuddai sun kewaye shi, gine-ginensa na dutse ne mai ruwan ƙasa wanda hayaƙin kwal ya taɓa mayarwa baƙi ƙirin. Wasu an wanke su, wasu an bar su da baƙinsu. Duk inda ka ɗaga kai sai ka hango dogon bututun masaƙa da ya daina hayaƙi. Wanda ya fi ɗaukar ido shi ne na masaƙar Lister a unguwar Manningham, wadda aka mayar da wani sashenta gidajen kwana.

Gashin tunkiya ne ya gina garin nan. A 1801 mutanen Bradford ba su wuce dubu 13 da 'yan kai ba, amma zuwa 1851 sun haura dubu 100, saboda masaƙun ulu da suka cika kwarin. A tsakiyar gari akwai ginin da ake kira Wool Exchange, wato kasuwar dillalan ulu, wanda firaministan lokacin, Lord Palmerston, ya aza harsashinsa a 1864, aka gama shi a 1867. Da ka gan shi daga waje za ka ɗauka coci ne, ga hasumiya ga dogayen tagogi masu tsini. A nan fatake ke taruwa su yanke farashin ulun da aka aske a Ostireliya da Niyu Zilan da Afirka ta Kudu, ko da tumakin ba su taɓa ganin Ingila ba. Yanzu kantin sayar da littattafai ne, da wurin shan gahawa a sama. Na zauna can ina leƙen filin da aka yi cinikin, mutane na ta zaɓen littattafan yara a kai.

Tun a Leeds, inda na canza jirgin ƙasa, na lura da wani hoto a tambarin birnin: rago an ɗaure shi da ɗamara ta ciki, an rataye shi, kai da ƙafafu na reto. Na sake ganin irinsa a allon wata mashaya da muka wuce. Na tambayi yaron ko hoton mahauta ne.

Ya yi dariya ya ce, "A'a Kawu, ba nama suke nufi ba, gashin suke nufi. Su a wajensu wannan hoton alamar arziki ce."

Fleece suke ce wa gashin da aka aske daga jikin tunkiya ɗaya, idan ya sauko a haɗe bai wargaje ba. Shi hoton ragon da aka rataye ya samo asali ne daga tatsuniyar Girkawa ta ragon nan mai gashin zinariya da wani jarumi Jason ya yi tafiya nemansa, kuma a 1430 sarkin Burgundy, Philip, ya kafa wata lambar girma da wannan suna a birnin Bruges na yankin Flanders, a Beljiyam ta yau, inda ake saƙa ulun Ingila a lokacin. Mashayu masu wannan suna sun yi yawa a garuruwan masaƙa. Da kalmar kuma suke faɗin an damfari mutum, wato an aske shi tas an bar shi tsirara. Yaron ya ce shi a bakin abokansa ɗalibai ya fi jin ta da wannan ma'anar, idan ana zancen kuɗin haya.

Arzikin bai zo da daɗi ga kowa ba. A 1830 wani mutum mai suna Richard Oastler ya rubuta wasiƙa a jaridar Leeds Mercury, ya kira aikin da ƙananan yara ke yi a masaƙun Bradford bauta, yara 'yan shekara bakwai zuwa goma sha huɗu suna tsaye gaban inji daga asuba har dare. Su kuwa masu tantance ulu, waɗanda ke buɗe dilolin da aka kawo daga ƙasashen waje suna ware mai kyau da maras kyau, wata cuta ce ke ɗauke su cikin 'yan kwanaki. Mutum zai tashi lafiya, ya fara zazzaɓi da sarƙewar numfashi, kafin mako ya zagayo an binne shi. Har sunan garin aka laƙaba wa cutar. Daga baya aka tabbatar antaraks ce, wadda makiyaya ke kira ciwon saifa, ƙwayoyinta na maƙale a gashin dabbobin da suka mutu da ita. Wani likita, Friederich Eurich, ya shafe shekaru tun daga 1905 yana gwaje-gwaje a kan dilolin har aka gano hanyar kashe ƙwayar, kuma a 1921 gwamnati ta buɗe wurin tsabtace ulun waje a tashar jiragen ruwa ta Liverpool.

Wani abin da ya ba ni dariya shi ne labarin maiƙo. Ɗanyen ulu cike yake da mai, dole a wanke shi kafin a taje a kaɗa. Ruwan wankin duk a magudanar gari yake ƙarewa, har ya zame wa hukuma annoba. Sai aka gina matatar ƙazanta a Esholt, aka riƙa tatsar man daga ruwan dattin ana sayarwa, har kamfanonin jirgin ƙasa na saye don shafa wa ƙafafun taragai. Garin da ya ci riba daga ruwan kwatarsa, ai ka san 'yan kasuwa ne ke riƙe da shi.

Daga tashar Forster Square ta Bradford zuwa garin Saltaire tafiyar 'yan mintuna ce a jirgi. Kana fitowa daga tasha masaƙar ce ke tare ka, doguwa mai hawa shida, a gefen kogin Aire da mashigin ruwan da aka haƙa tsakanin Leeds da Liverpool don jiragen dakon kaya. Wanda ya gina ta, Titus Salt, ɗan dillalin ulu ne. A 1836 ya ci karo da wasu diloli a wani sito a Liverpool waɗanda kowa ya ƙi saye, gashin alfaka ne, wata dabba dangin raƙumi da ake kiwo a tsaunukan Peru. Ya sayi kaɗan ya yi ta gwaji, har ya gano idan aka haɗa shi da zaren auduga yana ba da yadi mai sheƙi da matan Ingila suka yi rububinsa. Da kuɗi suka taru, sai ya kwashe masaƙunsa daga cikin hayaƙin Bradford ya dawo nan. An buɗe masaƙar a 1853, ranar da ya cika shekara 50, ta ɗauki ma'aikata kusan 3,000 da injinan saƙa 1,200.

Bai tsaya ga masaƙa ba, gari guda ya gina: gidaje sama da 800 a jere, makaranta, asibiti, coci, gidan wanka da wanki, gidajen tsofaffi, da filin shaƙatawa a tsallaken kogi. Titunan ya sa musu sunayen matarsa da 'ya'yansa, sai na Sarauniya Victoria da mijinta. Girman gidanka gwargwadon matsayinka a wurin aiki. Da ido za ka gane gidan shugaban ma'aikata da na lebura. Mashaya ko ɗaya bai yarda an buɗe ba. Yanzu akwai wata a babban titin da aka sa wa suna "Kada a gaya wa Titus".

Na daɗe ina zaga titunan nan ina auna mutumin. Ba shakka wanda ya baro ɗaki ɗaya mai ɗoyi a Bradford ya samu gida mai ruwa da makewayinsa na kansa ya ci gaba. Amma mai biyanka albashi shi ne mai gidan da kake haya, shi ne mai makarantar ɗanka, shi ne mai faɗin abin da za ka yi da yammacinka. Ranar da kuka saɓa, ba aiki kaɗai ka rasa ba. Ni dai ban iya kiransa waliyyi ba, ban kuma iya kiransa azzalumi ba; mutum ne da ya gane lafiyayyen ma'aikaci ya fi kawo riba, a lokacin da takwarorinsa ba su damu su gane ba. Masaƙar ta rufe a 1986. Shekara ɗaya bayan haka wani ɗan kasuwa, Jonathan Silver, ya saye ta ya zuba zane-zanen David Hockney, ɗan asalin Bradford, da kantuna da wuraren cin abinci. A 2001 hukumar UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya.

Masallatan da suka cika Bradford ma ulu ne ya kawo su. A shekarun 1950 da 1960 masaƙu sun rasa masu aikin dare, sai aka riƙa ɗaukar maza daga Pakistan, yawancinsu daga yankin Mirpur na Kashmir, inda madatsar ruwan Mangla ta tashi ƙauyuka da yawa. Sun zo ne lokacin da sana'ar ta fara gangara, ba a jima ba masaƙun suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya, su kuwa suka zauna. Dattijon da na yi sallar Juma'a kusa da shi ya ce mini mahaifinsa a ɗakin tajar ulu ya yi aikinsa, kuma har ya rasu ba ya ji sosai saboda ƙarar inji.

Halifax na leƙa ta ne a gurguje. Akwai Piece Hall, wani makeken fili da aka kewaye da ƙananan ɗakuna 315 hawa-hawa, an buɗe shi ranar 1 ga Janairu 1779, tun masaƙa na aiki da hannu a gidajensu. Ranar Asabar kaɗai ake ci, na awa biyu, kowa ya kawo turmin da ya saƙa mai tsawon yadi 30. Kusa da nan akwai kwaikwayon wata na'urar fille kai da garin ya yi amfani da ita har 1650. Masaƙa kan shanya yadi a fili, ɓarawo kuwa ba ya rasa hannu, don haka duk wanda aka kama da kayan sata da suka kai kwabo 13 da rabi, kansa ne a bakin gatari.

Abokin karatun yaron ɗan wani makiyayi ne a kwarin Swaledale, shi ya gayyace mu ranar aski. Muka ɗauki mota ta Skipton muka hau kwarin Wharfedale. A Kilnsey, ƙarƙashin wani dutse da ya rusuno kan hanya, nan ne 'yan zuhudun Kirista na gidan ibadar Fountains, wanda aka kafa a 1132, ke tara dubban tumakinsu a wanke a aske. Fataken Italiya da na Flanders kan biya su kuɗin ulu tun kafin ya tsiro. Lokacin da aka kama Sarki Richard na Ɗaya a hanyarsa ta dawowa daga yaƙi aka nemi fansa, ulun shekara guda aka karɓe daga irin waɗannan gidajen ibada. A 1275 Sarki Edward na Ɗaya ya ɗora haraji a kan kowane buhun da zai fita ƙasar, da shi sarakunan bayansa suka yi ta yaƙe-yaƙensu. Har gobe shugaban majalisar dattawan Birtaniya a kan wani jan matashi cike da ulu yake zama, don a tuna inda dukiyar ta fito. A 1938 aka buɗe matashin aka tarar gashin doki ne a ciki, aka sake cika shi da ulu.

Dokar da ta fi ba ni mamaki ita ce ta likkafani. A 1666, aka kuma ƙarfafa ta a 1678, majalisa ta ce ba za a binne kowa ba sai a cikin ulun Ingila, sai dangi sun rantse a gaban hukuma cewa an bi doka, wanda ya saɓa tarar fam 5. Masu hali kan biya tarar su binne nasu a lilin. Sai 1814 aka soke ta. Gwamnati ta nema wa masaƙa kasuwa har cikin kabari.

Daga Hawes hanyar ta haura wani tudu da ake kira Buttertubs, siririya mai kwana-kwana, tumaki na kwance a bakinta ba ruwansu da mota. Da ka gangara sai kwarin ya buɗe, kore shar, an yanka shi gida-gida da katangun duwatsu da aka jera ba siminti, kusan kowace gona da ɗan rumbunta na dutse. Tumakin nan ma Swaledale ake ce musu: baƙar fuska, farin baki da fari a kewayen ido, ƙaho murɗaɗɗe har ga matan. Kan ragonsu ne tambarin gandun Yorkshire Dales. A kan tudu ba shinge tsakanin makiyaya, amma kowace tunkiya ta san yankin garkensu, uwa ke nuna wa 'yarta, shi ya sa idan aka sayar da gona da garken ake sayarwa.

Mun tarar an fara. Masu aski biyu ne, ɗaya ɗan Niyu Zilan, irin samarin da ke bin lokacin aski daga wannan ƙasa zuwa waccan da injinsu. Ya jawo tunkiya daga ɗan shinge, ya juya ta ya zaunar da ita a kan gindinta, bayanta na jingine da ƙafafunsa. Abin mamaki, da ƙafafunta suka bar ƙasa sai ta yi laƙwas. Ba igiya, ba mai riƙe masa. Da gwiwoyi da tafin ƙafa yake sarrafa ta, hannun hagu na miƙar da fata don kada ta yanke, na dama na tafiya da inji. Ya fara da ciki, ya bi cinya, ya hau wuya, sannan ya kwantar da ita ya yi dogayen ja daga wutsiya zuwa kafaɗa. Gashin ya riƙa zubowa gefe a haɗe, ciki fari fat, waje ruwan toka saboda ruwan sama da laka. Kafin minti biyu ya sake ta ta fice tsakanin ƙafafunsa, ta rame a ido, 'ya'yanta na ta kuka sun kasa gane ta sai da suka sunsuna. Wannan salon riƙon ana danganta shi da wani ɗan Niyu Zilan, Godfrey Bowen, wanda a 1953 ya aske tumaki 456 cikin awa tara.

Matar gidan ce ke naɗewa. Takan ɗauki gashin ta watsa shi kan tebur ya baje da siffar dabbar, ta tsince kashi da ƙaiƙayi, ta ninko gefe da gefe, ta naɗe daga wajen wutsiya zuwa wuya, ta cusa bakin a ciki. Ta ce in gwada. Nawa ya warware kafin in kai shi buhu, amma hannuna ya yi laushi da santsi kamar na shafa man kaɗanya. Wannan maiƙon shi ne lanolin da ake sa wa a man shafawa da na leɓe.

Da aka zauna shan shayi na tambayi maigidan nawa buhunan nan za su kawo masa. Ya kalli matarsa suka yi murmushi. Ya ce abin da yake biyan mai aski a kan kowace tunkiya ya fi abin da gashinta zai kawo. Gashin Swaledale kaushi gare shi, ba ya yin riga mai laushi, sai dai kafet da abin cusa wa bango don tare sanyi, kuma kowace tunkiya ba ta ba da abin da ya wuce kilo biyu. Buhunan za su tafi wurin hukumar British Wool, wadda aka kafa a 1950, hedikwatarta na Bradford. Can masana za su taɓa kowane ɗaya da hannu su ware shi aji-aji, a yi gwanjonsa, sannan a biya makiyayi bayan an cire kuɗin ɗawainiya. Ya ce a zamanin kakansa kuɗin ulu ke biyan hayar gona ta shekara, musamman farkon shekarun 1950 da yaƙin Koriya ya sa farashi ya yi tashin gwauron zabo. A 2020, da annobar korona ta rufe kasuwanni da otal-otal masu sayen kafet, wasu makiyayan ƙona nasu suka yi, wasu suka zuba a juji ya zama taki.

To me ya sa ake askin? Don dole. Idan aka bar gashin, zafi ya dame ta, ƙuda ya yi ƙwai a cikin damshin, tsutsa ta ci naman dabbar tana raye. Wata kuma gashin ya jiƙe ya yi nauyi, ta faɗi rigingine ta kasa tashi har ta mutu. Aski ya koma magani, ya tashi daga girbi.

Duk wannan bayanin yana yin sa ne sanye da wata rigar sanyi mai zif, shuɗiya, mai laushi. Ita ma fleece suke kiran ta, alhali ko silin gashin tunkiya babu a jikinta. Foliyesta ce, daga man fetur. Wata masaƙa a jihar Massachusetts ta Amurka, Malden Mills, ita ta ƙirƙiro yadin wajen 1980 tare da kamfanin Patagonia, mai masaƙar kuma, Aaron Feuerstein, bai yi masa rajistar mallaka ba, don haka kowa ya shiga yi, ya yi arha. Daga 1993 har da robobin lemo ake narkawa a yi shi. Irinsa ne ke cika dilolin gwanjo a Kofar Wambai idan hunturu ya kama, 'yan acaɓa da masu gadi na saye. Ba shi da nauyi, yana bushewa da wuri, asu ba ya cin sa, a injin wanki ake jefa shi. Aibinsa, duk wanki sai ya zubar da ƙananan zarurrukan roba da ke bin ruwa har teku, kuma tartsatsin wuta kaɗan ke narka shi, alhali ulu ba ya saurin kamawa. Na nuna rigar na nuna buhunan. Ya ɗaga kafaɗa ya ce rigar ulu mai kyau ta fi ƙarfin aljihun mai kiwon tumaki.

Shi ma ya tambaye ni yadda muke yi da namu. Na ce ai Balami da Uda da 'Yankasa gashi gare su irin na akuya, ba a aske su. Nama muke nema, sai fata, wadda dattawa ke yin buzun salla da ita. Sai ka je can Masina a ƙasar Mali za ka samu tumaki masu ulu, waɗanda Fulani ke saƙa barguna da gashinsu. Ya ajiye kofinsa ya gyara zama, ya ce in maimaita, ba a aske su ko sau ɗaya? Ashe abin da wasu makiyayan Birtaniya ke nema ke nan yanzu. Akwai wani tsohon iri, Wiltshire Horn, mai zubar da gashinsa da kansa idan zafi ya shigo, kuma tun shekarun 1960 wani makiyayi a tsibirin Anglesey na Wales, Iolo Owen, ya yi ta haɗa shi da wasu har ya fitar da irin da ake kira Easycare. Masu gonaki a ƙasan tuddai suna ta komawa gare su don su huta da kuɗin aski. Ya ce shi abin da ya hana shi, bai tabbata za su jure sanyin kan tudunsa a watan Janairu ba, amma ɗansa ya riga ya fara kawo masa maganar.

Mai askin ya leƙo ya ce saura garke ɗaya kuma hadari na haɗowa, jiƙaƙƙiyar tunkiya kuwa ba ta askuwa. Maigidan ya yi wa karensa fito, suka haura tudu.